Kafin a Kwance Na'ura

A sashen kimiyya kowa Uwar Alli yake kiranta, kuma ba ƙarya aka yi mata ba: alli a yatsu, alli a gefen mayafi, wani lokaci har a goshi. Aikinta lissafin kwantum ne, wato sanin halin ƙwayar zarra da abubuwan da suka fi ta ƙanƙanta. Ba ta taɓa na'ura, ita dai a ba ta allo.

Shekaru ta yi tana fama da lissafi guda. Ya nuna mata cewa in aka sanyaya zarra har ta kusa daina motsi, aka girgiza ta da haske a wani sauri na musamman, za ta amsa da wata 'yar kaɗawa da ba wanda ya taɓa gani. Ta rubuta saurin, ta sauka ƙasa ta miƙa wa Sarkin Sanyi, mai ɗakin gwaji, gajeren mutum mai gajeren haƙuri. Ya haɗa madubai da wayoyi da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ta sanyaya zarra, ya nema, ya sake nema, tun 'yarsa tana rarrafe har ta fara gudu. Shiru kake ji. Shugaban sashe ya gaji, ya ce yau da rana a kwance na'urar, an ba wa wasu ɗakin.

Da safen nan tana durƙushe gaban ƙofar kicin ɗinta, wadda ta shafa wa baƙin fenti tun tuni don ta riƙa rubutu a kai.

"Maman yara, shayinki ya huce," in ji mijinta, yana neman takalmin autarsu a ƙarƙashin kujera. "Ki haƙura mana. Zarrar nan ko gaisuwa ba ta taɓa aiko miki ba."

"Ka kai su makaranta, ka bar ni da ita."

Masu irin aikinta suna da wata ɗabi'a. Akwai lambobin da ke maimaituwa a kowane layi, to don kada hannu ya gaji sai su ajiye su gefe, in an gama a mayar da su. Ɗan koyo ne kawai yake jan su layi bayan layi. Yau ta ajiye girman kai, ta ja su duka kamar 'yar aji ɗaya. Lissafin ya tafi sumul har layin ƙarshe, a nan hannunta ya tsaya cak. Biyu sau fai, adadin da ke fitowa duk inda abu yake zagaye, shida da 'yan kai. Ba ta raba da shi ba. Saurin da ta ba Sarkin Sanyi ya ninka na gaskiya fiye da sau shida. Ashe duk wahalar nan a inda ba komai bawan Allah yake nema.

"Innalillahi!" Ta dafe kai. Sai kuma ta zari jaka, ko fuska ba ta duba ba.

Ta tarar da leburori biyu da kwalaye a ɗakin gwaji. Sarkin Sanyi ya riga ya cire madubai, sifana na hannunsa.

"Malam, ajiye sifanar nan."

"Malama, kin makara."

"Lissafin daidai yake. Lambar da na ba ka ce ba daidai ba. Na manta biyu sau fai."

Ya dube ta, ya yi wata dariya marar daɗi. "Biyu sau fai? Abin da nake kayar da ɗalibai a kansa? Haba, Malama! Kin san 'yata kuka take yi in na ɗauke ta, don ba ta saba da fuskata ba? A ɗakin nan na tare saboda lambarki!"

Kunya ta rufe ta, kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ya yi gaskiya, kuma gaskiyar ta yi mata zafi. Amma ba ta ja da baya ba.

"Zage ni, na cancanta. Sai dai ka zage ni kana mayar da madubi. Sanyin tukunyar ya tafi?"

"Da sanyinta," ya ce da ƙyar.

Ta jawo kujera, ta kafa ta a tsakiyar ƙofa, ta zauna daram. "To mai fitar da kaya sai ya fara da ni." Leburorin suka kalli juna, suka kalle ta, ita kuwa ba ƙaramar mace ba ce. Suka ajiye kwalaye suka fita shan iska.

"In a sabon saurin ma babu komai fa?" in ji Sarkin Sanyi.

"Lissafin ya mutu ke nan mutuwar gaskiya, ni zan fara kwance noti da hannuna. Amma ba zan bari a binne shi da rai ba."

Ya yi tsaki, ya ɗauki madubi. Yana ɗaurawa yana mita, ya ambaci masu allo da son jikinsu, ya ambaci ranar da ya fara saninta. Da komai ya zauna, ya kunna hasken, ya fara murɗa saurin ƙasa a hankali. A fuskar kwamfuta layi kore ne kwance, kamar yadda ya saba kwanciya. Ta ƙura masa ido.

Layin ya ɗan cira. Ya ƙara cirawa, ya yi ƙusumbi, ya sauka.

"Kai! Kai! Malama!"

"Kashe hasken," ta ce. Ya kashe, ƙusumbin ya ɓace. "Kunna." Ya dawo nan inda yake.

Ana cikin haka shugaban sashe ya iso da faɗansa, yana tambayar wa ya hana a kwashe kaya. Ya tarar da ƙofa a tare, Sarkin Sanyi kuma yana share ido da hannun riga.

Uwar Alli ta yunƙura za ta ba shi hanya, ta kasa.

"Ranka ya daɗe, shigo ka gani," ta ce. "Amma sai dai ka raɓa ta gefena. Ƙafafun nan sun ƙi ɗaukata."