Watan da Baba Sheriff Ya Jira

Ana kiran sallar magariba Ardo Mamuda ya ɗauko Baba Sheriff a hannu ya fito da shi tsakar gida. Ni ina biye da matashi da bargo, matar Baba, Ya Kura, kuma ta riga mu ta shimfiɗa tabarma a inda ake hango yamma sosai.

"A hankali, Bafillace," in ji Baba Sheriff. "Ba ɗan maraƙi ka ɗauko ba."

"Ai maraƙi ya fi ka daraja, bawana. Shi in na kai kasuwa ana tayawa."

Baba ya so ya yi dariya, ciwon ya hana shi. Ya damƙe gefen rigar Ardo har sai da abin ya lafa. Wasan nan na Fulani da Barebari tun ina ƙarama nake jin su suna yin sa, kuma ko a wannan halin babu wanda ya sassauta wa wani.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Baba Sheriff a Kazaure. Iyayensa daga Borno suka zo. Kanwa da gishirin shanu yake sayar wa makiyaya a kasuwannin Babura da Roni da Gwiwa, a nan ya haɗu da Ardo. Bai taɓa rataya kalanda a ɗakinsa ba. Da kwanan wata da ranakun kasuwa yake lissafin komai, kuma ban taɓa jin ya ɓata ba.

Bara wani wakilin kamfanin takaful ya je ƙungiyarsu ta 'yan kasuwa da maganar inshorar rai. Ya ce kamar adashe ce, kowa ya zuba kaɗan duk wata, wanda ya riga cikawa a tallafi iyalinsa. Abin da ya ja hankalin Baba shi ne babu gwajin jini, babu zuwa asibiti. Tambaya kawai ake yi ko likita ya taɓa ce maka kana da wata babbar cuta. Shi kuwa bai taɓa zama gaban likita ba, don haka amsar ba ta ba shi wahala ba. Sharaɗi ɗaya aka gindaya. In mutum ya rasu da rashin lafiya kafin ya cika shekara da shiga, abin da ya zuba kawai za a mayar wa iyalinsa.

Saboda Nana Khadija ya shiga. Ita kaɗai ce ta rayu cikin 'ya'yansu, tana makarantar ungozoma, saura mata shekara biyu.

Ni na gama jami'a ina zaman jiran bautar ƙasa, sai ya zama ni ce ke tura masa kuɗin ta waya. Yakan ɗan buga katanga ya ce, "'Yar boko, a zo a biya kuɗin mutuwa." In je in karɓa, kaina a sunkuye, don ban iya mayar da wasa ba.

Bayan Babbar Sallah cikinsa ya fara kumbura, idonsa ya yi ɗorawa. Aka kai shi Kano, aka ce hanta ce, kuma ta yi nisa. Suka sallamo shi da maganin rage zafi. Sau ɗaya ya sha. Ya yi barci tun daga azahar har gari ya waye, da ya farka ya ce a ɗauke kwalbar daga gabansa.

"Wannan barcin ƙanen wancan ne," ya ce wa Ya Kura. "In na tafi a cikinsa kafin watan Maulidi ya tsaya, me na yi wa yarinyar nan?"

Washegarin tsayuwar watan Maulidi ya shiga takaful ɗin, shi ya sa yake jiran watan ya zagayo. Ma'aikacin lafiyar da ke leƙo shi ya yi masa bayani cewa maganin ba ya rage kwana, bai saurara ba. Ta katanga nake jin nishinsa. Kunu ma dole yake yi wa kansa, ya sha ya amayar, ya huta, ya ce a ƙaro.

To, yammacin nan shi ne ashirin da tara ga Safar. An yi ruwa da la'asar, indararo bai gama ɗiga ba, gajimare ya kwanta a kan duwatsun yamma. Ardo ya yi sallarsa a gefe, ya dawo ya tsaya ya kare ido da hannu.

"Ka ga wani abu?" in ji Baba.

"Na ga tsohon Babarbare yana damuna."

"Duba dai."

Can gajimaren ya ɗan tsage a saman bishiyar darbejiyar masallaci. Ardo ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa sandarsa.

"Ga shi can. Siriri kamar ƙahon 'yar karsana."

Na bi sandar da ido, na gan shi. Ya Kura ma ta gani, ta fara addu'ar ganin wata a hankali. Baba ya ɗaga kai ya ƙura ido, amma ganinsa ya riga ya yi rauni.

"Mamuda, tsakaninka da Allah?"

"Tsakanina da Allah, Sheriff."

Ban taɓa jin sun kira juna da suna ba sai ranar. Baba ya mayar da kansa kan matashi, ya sauke numfashi mai tsawo.

"Alhamdu lillahi. Shekara ta cika. Kura, ina maganin nan?"

A lokacin ne na gane shekarar da yake lissafawa. Na sha jin yana cewa watan Maulidi yake jira, na ɗauka albarkar watan yake nufi, don a gabana ba ya fayyace maganar. Ni kuwa ranar biyar ga kowane watan Bature nake tura kuɗin, domin biyar ga Satumba aka rubuta sunansa. Ranar nan Agusta ma bai ƙare ba. Shekarar wata ta fi ta Bature gajarta, kuma kamfani da ta Bature yake aiki. Shekararsu ba za ta cika ba sai ranar Maulidi kanta.

Ya Kura ta shiga ɗakin girki ɗebo ruwan ɗumi. Na bi ta, na tsaya a bakin ƙofa ina murza gefen hijabina.

"Asma'u, lafiya? Ko hayaƙi ne ya shiga idonki?"

Na faɗa mata. Sai da na maimaita kafin ta gane. Ta ajiye butar a ƙasa.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, Ya Kura. In kin yarda in kira wakilin da safe."

"Kira shi."

Ta leƙa ta taga. Baba na kwance yana yi wa Ardo bayanin wani Bafillace da ya taɓa biyansa da kuɗin sefa na jabu a Babura, hannunsa a sake a kan bargo. Rabon da in ga hannun nan a buɗe tun kafin a kai shi Kano.

"Amma ya kamata ya sani," na ce. "Karatun Nana ne."

"Na san ko na wane ne." Ta juyo ta dube ni. "Kin gan shi. Ba zai kai Maulidi ba. Amma in kin faɗa masa, zai gwada."

"Wataƙila Allah ya..."

"Allah ba ya buƙatar mu hana shi magani kafin ya ƙara masa kwana. In da saura zai kai, yana barci ma zai kai. Ke ta katanga kike jin gwadawarsa. Ni a hannuna yake yin ta."

Ta ɗauki butar da kwalbar maganin ta fita. Na tsaya ina kallo ta tallafo kansa ta ba shi. Kafin a kira isha ya yi barci, Ardo ya sake ɗaukarsa ya mayar da shi ɗaki.

Da safe na kira wakilin. Mutum ne mai kirki, ya yi ta jajantawa, ya ce da a hannunsa abin yake da ya yi wani abu, amma ranar da aka rubuta ita ce ranar. Na kai wa Ya Kura amsa. Tana tankaɗen garin turaren wuta, wanda take haɗawa tana sayar wa masu biki. Ta gyaɗa kai, ba ta daina tankaɗen ba.

Ranar Laraba Nana ta zo daga makaranta. Uwar ta ja ta ɗaki, suka daɗe. Da ta fito idonta ya yi ja, ta wanke fuska a bakin randa, ta shiga wajen mahaifinta da murmushi.

"Ungozoma ta iso," ya ce. "Zo ki zauna. Na gama miki aikinki. Saura naki."

"Na gode, Baba."

"In kin fara karɓar haihuwa, 'ya'yan Fulani ki riƙa caje su ninki biyu."

"Ina jin ka," in ji Ardo daga zaure.

Kwanakin nan su ne mafi sauƙi da ya samu tun da ya kwanta. Ya daina yi wa kansa dole da kunu. Ya ce nono yake so, Ardo ya hau babur har rugarsu ta wajen Gwiwa ya kawo mai ɗumi, ya sha cokali uku ya ce ya isa. Ya sa aka kira masa abokan kasuwa ɗaya bayan ɗaya suka yafi juna. Yawancin yini barci yake yi, fuskarsa a kwance.

Ni kuwa kullum da asuba sai in kasa kunne a jikin katanga. In na ji tarinsa sai in ce a raina, an ƙara kwana ɗaya. Ban faɗa wa kowa ina wannan lissafin ba, amma na lura Nana ma takan duba kwanan wata a wayarta ta kife.

Wata rana da hantsi na kai musu kunun gyaɗa daga gidanmu, na tarar idonsa biyu.

"'Yar boko."

"Na'am, Baba."

"Kin huta da biyan kuɗin mutuwa." Ya yi murmushi. "Ba ki taɓa makara ba ko sau ɗaya. Allah ya ba ki miji mai surutu, ya riƙa yi miki maganar da ba kya yi."

Ya Kura na zaune a gefen gadon tana masa fifita. Ba ta dube ni ba, fifitar ma ba ta tsaya ba.

"Amin, Baba," na ce. "Allah ya ƙara sauƙi."

"Ai ya ƙara."

Ran Litinin bayan la'asar ya cika, saura kwana huɗu Maulidi. Ya Kura na riƙe da hannunsa, Ardo na laƙƙana masa kalmar shahada. Babu nishi, babu fizga. Ni ina gidanmu ina wanke shinkafa, sai na ji an daina fifita, sannan na ji muryar Nana. Kafin magariba an kai shi. Ardo ne ya shiga kabarin ya karɓe shi, aka ce da ya fito ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da rawani, sai da aka ɗaga shi.

Ranar Juma'a aka yi Maulidi. Tun da safe 'yan Islamiyya ke zagaya gari da sababbin kaya da tutoci. Da yamma masu gaisuwa sun ragu, na shiga na tarar da Ya Kura a tsakar gida cikin kayan takaba, a kan tabarmar nan, ga kwalaben turare a gabanta tana cikawa. Nana na liƙa musu murfi. Ta ce ranar Lahadi za ta koma makaranta, za ta tafi da kwali ɗaya ta gwada sayarwa a ɗakin kwanansu. Ardo ya aiko a faɗa musu akwai wata karsana da ba ya son ganinta a garkensa, wai ta cika taurin kai irin na Barebari, gara Nana ta ɗauke ta ta biya kuɗin makaranta. Ya Kura ta ce a ce masa ya bari tukuna.

Wayar Baba ta yi ƙara a kan taga. Ya Kura ta miƙo min.

"Duba min, ko masu ta'aziyya ne."

Saƙon kamfanin ne, irin wanda na'ura ke turawa da kanta, don ba a riga an kai musu takardar rasuwa ba. Suna taya shi murnar cika shekara, suna sanar da shi cewa daga yau iyalinsa na da cikakken tallafi. Na dubi Nana. Ta gane, ta sunkuyar da kai kan murfin da ke hannunta.

"Faɗa min," in ji Ya Kura.

Na faɗa mata da Hausa, ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe.

"To," ta ce. "Tasu ta cika ke nan."

Ta karɓi wayar ta sa a ƙarƙashin matashin da ke gefenta, wanda na ɗauko masa ranar da muka fito duban wata. Daga titi ana jin yara na komawa gida suna rera yabo, muryoyinsu duk sun dishe. Ta ɗebi ɗan turaren ta zuba a kasko don ta ji ko haɗin ya yi. Hayaƙin ya miƙe a hankali ya wuce katanga, ta wajen gabas, inda watan ya riga ya fito tun rana ba ta gama faɗuwa ba, saura kaɗan ya cika.