Kofin da ke Bayan Ƙofa

Shekara ashirin da shida Farfesa ta yi tana tonon takardun asibitocin kutare, irin waɗanda aka rubuta shekara ɗari bakwai da suka wuce. Abin da ta gano shi ya kai ta inda take: mutanen wancan zamani ba su kori kutare daga gari yadda ake faɗa ba. Har ta ci karo da wani asibiti da dokarsa ta ce mai jinya da majinyaci su sha a kwano ɗaya.

Da safiyar ranar babbar laccarta ta shiga kicin tana bitar wannan doka a ranta. Ta tarar da Goggo, ƙanwar babanta da ta rene ta. Goggo ta warke daga kuturta tun Farfesa tana firamare, sai dai cutar ta tafi da yatsu uku. Burin Farfesa a yau shi ne ta gan ta zaune cikin manyan baƙi.

"Goggo, ki shirya. A layin gaba na kama miki wuri."

"Ni a gaba? Ke dai 'yar nan, a bar kaza cikin gashinta. Za a ba da shayi a can?"

"Za a bayar."

"To bari in ɗauki kofina."

Goggo ta ciro wani shuɗin kofin roba daga ƙusar bayan ƙofa, can nesa da kwandon sauran kofuna. Farfesa ta yi tsaye cak. Ita da ke gane inda marubuci ya sake tawada a gefen shafi, ba ta taɓa tsayawa ta karanta wannan ƙusa ba. Alhali mijinta ne ya kafa ta makon da suka tare, ita kuwa ta miƙa masa gudumar. Kunya ta rufe ta.

"Ba ni, Goggo."

Ta zuba shayi a ciki ba tare da ta ɗauraye ba, ta sha rabi, ta miƙa mata. Goggo ta daɗe tana kallonta.

"Sai yau karatun ya kawo ki wannan shafin?"

Goggo ta shanye sauran, ta goge kofin da bakin zane, ta cusa shi a jaka.

"Ki bar shi a gida mana, Goggo."

"Zan zauna a gaban, tunda kin ce. Amma mutanen can ba su karanta takardunki ba tukuna."