Sirrin da Babu Wanda Ya Zo Sata

Shekara ashirin da biyu ke nan ina haɗa kayan wasan kwaikwayo a shirye-shiryen talabijin. Duk abin da jarumi zai riƙe a hannu ni ce mai nemo shi: kofi, bindigar roba, wasiƙar ƙarya, hoton mamaci, alhali mai hoton yana zaune a gefe yana cin abinci. Sunana Duan Shufen, amma a wurin aiki ba a tunawa da sunan sai wani abu ya ɓace. Gwiwoyina sun gaji, bayana ya gaji, kuma na daɗe da daina kallon abin da muke ɗauka idan an sa shi a talabijin.

A hunturun da nake ba da labari muna arewa maso gabashin ƙasarmu, inda ƙanƙara take sauka, cikin wata masana'anta da aka rufe tun ina budurwa. Shirin kashi arba'in ne, na jami'an tsaron ƙasa da 'yan leƙen asirin waje, irinsa na bakwai da na yi. Labarin ba ya canzawa. Wani injiniya ya zana injin jirgin sama da babu kamarsa, 'yan waje suna son su sace zanen, jami'anmu masu baƙaƙen riguna suna hana su. Kowa da gashinsa a gyare, har wanda aka harba.

Zanen shi ne matsalata. Na sa aka buga mini a kwamfuta, na jiƙa shi da shayi, na shanya, na kai wa Darakta Kuang. Ya ɗaga shi da yatsu biyu.

"Yaya Duan, wannan ne sirrin ƙasa? A kan wannan mutum huɗu za su mutu? Ai ko gyaɗa ba zan naɗe a ciki ba."

"Darakta, daga nesa za a nuna shi."

"Daga kusa zan nuna shi. Ki nemo mini na gaske, wanda hannun mutum ya yi."

Mai gadin masana'antar ne ya ji tausayina. Ya nuna mini tsoffin gidajen ma'aikata a bayan katanga, ya ce in hau bene na huɗu in tambayi Injiniya Bian.

Na tarar da dattijo mai shekara saba'in da huɗu, siriri, matarsa ta rasu, ɗakin tsaf kamar babu mai kwana a ciki. Bai ba ni wahala ba. Ya durƙusa da ƙyar ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Takarda tamanin da shida ne, kowace ta kai faɗin tebur, an zana su da tawada da hannu, gefensu cike da lissafin fensir ƙanana. Ni da ban san komai a kan inji ba sai da na goge hannuna a jikin riga kafin in taɓa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana zana su. Ya gama a watan da aka rufe masana'antar, ba a taɓa ƙera injin ba.

"Baba, na jirgin sama muke nema fa," na ce.

"Wannan na janye ruwa ne daga ramin kwal."

"Masu kallo ba za su gane ba."

"Haka ne," ya ce. "Masu ganewar ma ba su kalla ba."

Ya ba ni aro da sharaɗi uku. Shi zai riƙa kawo su da kansa kullum, mai maiƙo a hannu ba zai taɓa ba, kuma yadda ya ba ni tamanin da shida haka zan mayar masa. Na yi masa alkawari. Ni ba mai yawan alkawari ba ce, shi ya sa nake riƙe da ɗan wanda na yi.

Mako uku yana zuwa. Zai zauna a kan wata 'yar kujera kusa da akwatunana, fulas ɗin shayi tsakanin ƙafafunsa, da rana mu ci shinkafa da kabeji da awara tare, abincin ya huce kafin a kai baki. Sau ɗaya kawai ya sa baki a aikinmu, ranar da jarumin ya buɗe takardar yana kallonta da hawaye a ido.

"Ɗan nan, juya ta. Ka riƙe ta kai a ƙasa."

Aka yi dariya, jarumin ya sha kunu, Darakta ya ce a sake.

Sauran kwanakin kallo kawai yake yi. Ya ga ɗan leƙen asiri ya shigo ta taga da igiya. Ya ga wata jami'a ta tare harsashi da ƙirjinta, takardunsa a bayanta. Ya ji shugaban jami'an yana buga tebur yana cewa ko za su ƙare gaba ɗaya, zanen nan ba zai bar ƙasar nan ba. Ranar ya juyo gare ni a hankali.

"Malama Duan, duk a kan wannan?"

"Duk a kansa, Baba."

Na lura ya manta da shayinsa har ya yi sanyi.

A kashi na talatin da ɗaya, 'yan leƙen asirin sun ritsa injiniyan a cikin masana'anta, shi kuma ya jefa zanen cikin wuta don kada su samu. Na shirya wa wannan tun da wuri. Da izinin dattijon na kai takardu goma sha biyu birni, tafiyar awa biyu, inda ake da babban injin kwafi, na yi kwafinsu da yawa. Zan ɗora kwafi a sama, in cika ƙasa da farar takarda, a ƙone. Na gaskiyar suna cikin akwatinsu, ni kuma ina zaune a kan akwatin.

Muka kunna wuta a cikin rabin duro. Aka ɗauka sau ɗaya, sau biyu, har sau shida. Sabuwar takarda ba ta san yadda ake ƙonewa a gaban kyamara ba. Fuu ɗaya take yi ta zama toka, kuma da iska ta ɗaga ta saman sai a ga ta ƙasa fara fat. Ƙarfe uku ta wuce, rana a garin nan kuwa ƙarfe huɗu da rabi take faɗuwa, jarumin kuma gobe da safe zai hau jirgi zuwa wani shirin.

Darakta Kuang ya taso ya zo inda nake. Ya sassauta murya, abin da na fi tsoro a wurinsa.

"Yaya Duan, kawo na tsohon."

"Aro ne."

"Na san aro ne. Kamfani zai san yadda zai yi da shi."

"Darakta, ka ƙone ni in kana so, na fi takardar nan maiƙo. Amma akwatin nan ba za a buɗe shi ba."

"Haba Yaya, injin ruwa ne fa! Injin ruwan da ko ƙera shi ba a yi ba! Mutum sittin suna tsaye cikin ƙanƙara saboda..."

"Malama Duan," in ji Injiniya Bian daga bayana. "Tashi daga kan akwatin."

Na juya. Ya riga ya miƙe, ya ajiye fulas ɗinsa a ƙasa.

"Baba, zauna. Wannan tsakanina da shi ne."

"Nawa ne ko naki?"

Na ja shi gefe, bayan wani mataccen inji, inda ba a jin mu. Na ce masa kada ya bari ihun Darakta ya ruɗe shi, haka yake yi kullum, gobe ya manta. Na ce in ma ya nace, a ɗora guda biyar a sama. Ko a ba ni kwana ɗaya in kai sauran takardun birni a yi kwafi.

"Kwana ɗayan kuna da shi?"

Ba mu da shi, ya sani.

"Saurara, 'yar nan," ya ce. "Na kai shi cibiyar bincike, suka ce zamani ya wuce shi. Na kai gidan tarihi, suka ce ba su da wurin ajiya. Shekarar da aka zo sayar da injinan nan a matsayin tsohon ƙarfe, akwai wani Bature cikin masu saye, da kyamara rataye a wuyansa. Na shimfiɗa masa zanen a kan tebur, na ce ina zuwa, na fita na bar shi shi kaɗai. Minti ashirin ina tsaye a waje cikin sanyi, ina ba shi lokaci. Ni, ɗan jam'iyya mai mulki na shekara talatin. Kin san abin da na tarar da na dawo? Ya ɗora kofin shayinsa a kai."

Ya yi 'yar dariya, ni ban yi ba.

"Ɗana yana kudu. Ya faɗa mini a fili, in na mutu masu sayen tsohuwar takarda zai kira. A nan kuwa na ga mutum huɗu sun mutu a kansa. Na san wasa ne, ban rikice ba. Amma in dai zai tafi, gara ya tafi a matsayin abin da ake sata, ƙasa duka tana kallo. Kuma ba biyar ba. Biyar ba inji ba ne."

Da hannunsa ya buɗe akwatin, da hannunsa ya miƙa wa jarumin, ya gyara masa riƙon.

Ba zan yi ƙarya ba, da jarumin ya jefa su duka, wutar ta ci da kyau. Tsohuwar takardar ta riƙa nannaɗewa a hankali, layukan tawadar suna haske kafin su ɓace, wasu suka tashi sama da wuta a gefensu, kowace da zanenta. Ɗauka ɗaya aka yi. Darakta ya rungume dattijon, mutane suka tafa. Ni kuwa haushi ne ya cika ni har wuya, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa. Na ɗauki akwatin da ba komai a ciki na raka dattijon gida har bene na huɗu.

Da bazara shirin ya je gaban masu tace fina-finai, ya dawo da gyara ashirin da uku. Na goma sha ɗaya ya ce bai dace a nuna sirrin ƙasa ya salwanta ba, kuma bai dace jami'an tsaro su iso a makare ba. Aka sake kiran jarumin, aka gina kusurwar masana'antar da katako a wani ɗakin ɗauka a kudu. Wannan karon yana ɗaga takardun zai jefa, sai jami'ai suka fasa ƙofa. Ragowar kwafi biyu na ɗora a sama, ƙasa farar takarda. Na je wurin mai haɗa hoto na roƙe shi ya ba ni wancan na wutar, ko na minti ɗaya ne. Ya ce a shiri irin wannan, abin da aka cire gogewa ake yi, kuma an riga an goge.

Wata biyar ina da lambar dattijon a wayata. Kullum sai in ce gobe. Shi ya kira ni, da kaka, lokacin da shirin ya kai kashi na ashirin da tara.

"Malama Duan, jibi ne fa namu. Ki zo mu kalla tare, na sayi gyaɗa."

Na hau jirgin ƙasa da niyyar in isa da wuri in faɗa masa mu biyu. Na isa na tarar ɗakin a cike. Tsofaffi bakwai ne, abokan aikinsa na da, wasu a bakin gado, wasu a kan kujerun da suka hau da su daga gidajensu. Ya sa farar riga mai guga. Bai gaya musu abin da zai faru ba, ya ce musu kawai zanensa ne a cikin shirin, su zo su gani. Ya zaunar da ni kusa da shi, ya ce wannan ce ta gano shi. Na buɗe baki, aka sa mini gyaɗa a hannu, aka ce in yi shiru an fara.

Ina jin numfashinsa lokacin da jarumin ya tsaya a gaban duron. Ya matso gaba, hannayensa a kan gwiwa. Jarumin ya ɗaga takardun. Ƙofa ta fashe, baƙaƙen riguna suka shigo, kiɗa ya tashi. Shugaban jami'an ya karɓi zanen, ya kaɗe shi, ya mayar wa injiniyan da hannu biyu, ya ce ƙasa ba za ta taɓa barin wahalarsa ta tafi a banza ba.

Tsofaffin suka ɓarke da tafi. Wani mai suna Nie, wanda ya yi shekara ashirin a kan injin yankan ƙarfe, har hawaye yake gogewa da hula.

"Tsoho Bian, shege! Ashe da rabon mu ga wannan rana! Saura ƙiris ka sa zuciyata ta tsaya, na ɗauka ƙonewa za su yi."

"Ai da sun ƙone da na fasa talabijin ɗin nan," in ji wani.

"Fito da su mana," in ji Nie. "Jawo akwatin mu gan su ido da ido. Ina so in ga shafin da na ce maka ramin ya yi ƙanƙanta ka ƙi ji. Shekara nawa rabona da su!"

Injiniya Bian bai motsa ba. Idonsa yana kan talabijin, inda aka shiga tallan man girki. Sai ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, ba na tuhuma ba, na mai son ya tabbatar. Na sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na gode mata.

Ya gyara wuyan rigarsa.

"Ba sa nan," ya ce. "Hukuma ta karɓe su. Ba a yarda kowa ya gani ba yanzu."

Nie ya mayar da hularsa a hankali, ya dubi sauran, ya gyaɗa kai.

"Daidai ne," ya ce da ƙaramar murya. "Haka ya kamata tun farko. Kada wanda ya yi maganar nan a waje."

Duk suka gyaɗa kai. Dattijon ya ɗauki fulas zai ƙara mini shayi, ruwan ya riƙa zuba a kan tebur. Na riƙe masa kofin da hannu biyu har ya cika.