Aljihun Kwat ɗin Baba

Da Auta zai koma jami'a bayan rasuwar babansa, bai nemi komai a kayan marigayin ba sai tsohuwar kwat mai ruwan toka. Tun yana yaro ya san aikinta. Duk ranar da gida ya ƙafe, Baba zai yi salla, ya ce, "Allah zai kawo," ya zura hannu a aljihun ciki, sai ga kuɗi.

Inna ta naɗe masa ita, ta haɗa da kuɗin rajistar jarrabawa.

Kuɗin ba su ga sabon wata ba. Auta ya ciyar da abokai, ya ba mai gadi sadaka, ya sayi takalmi mai ƙara. Abokin ɗakinsa, wanda suke kira Akanta, ya ce, "Malam, ranar Litinin fa za a rufe rajista."

"Kai matsalarka ƙarancin tawakkali. Ka taɓa ganin tsuntsu da asusu?"

"Ka taɓa ganin tsuntsu a ɗakin jarrabawa?"

Ranar Lahadi Auta ya yi salla mai tsawo, ya sa kwat, ya ce, "Allah zai kawo," ya zura hannu. Sai ya fito da maɓalli. Ya sake zurawa, ya fito da tsinken sakace.

"Ƙila sabis ne babu," in ji Akanta.

Gumi na karyo masa ya kira Inna a waya, ya faɗi gaskiya. Ƙarar keken ɗinkinta ta tsaya. Can sai ya ji dariya, wadda rabonsa da jin ta tun kafin Baba ya kwanta ciwo.

"Ɗan nan, ni nake zubawa. Duk ɗinkin da na yi sai na tura kaɗan a aljihun. Kuɗi ba sa kwana a hannun babanka."

"Bai sani ba?"

"Ya sani mana. Me ya sa kullum yake rataye ta kusa da kekena?" Ta ja hanci. "Farke kalmasar ƙasan kwat ɗin, na ɗinke wasu kuɗi a ciki. Da na ga kwat ka zaɓa, na san ɗan wa na haifa. Kuma daga wannan babu na biyu."

Auta ya farke da reza, kuɗi suka zubo kan katifa.

"Allah ya kawo," ya ce a hankali.

"Ya kawo," in ji Akanta, yana tattarewa. "Ni zan riƙe har Litinin."