Shekarar da Dogon Bututu Ya Daina Hayaƙi

A layinmu ba mai shanya komai sai Sitti ta rataya jan mayafinta a igiyar saman soro. Sitti kakata ce, mahaifiyar Baba, mutane kuma Ummu Khalaf suke ce mata. Tun kafin a haife ni, kullum bayan sallar asuba takan hau sama ta tsaya tana kallon dogon bututun masana'antar siminti da ke bayan gari. Idan hayaƙin siriri ne, ya karkata wajen hamada, sai ta rataya mayafin, mata su fito da wanki da kuɓewa da duk abin da ke son rana. Idan ya yi kauri ya nufo gidaje, igiya ta wuni ba komai, kowa ya rufe tagoginsa.

An fi jin tsoron ƙurar a kwanakin kishki, busasshen abincinmu na nono da alkama. Tun ƙarshen sanyi kowace mace ke tara tsamammen nono da gishiri a randa, wata huɗu cur. Bayan girbi a dafa alkama, a ɓarza, a kwaɓa da nonon, a mulmula kamar ƙwan tantabara, a shanya kwana uku. Shi za a ci har shekara ta zagayo, in kuwa ya ɓaci babu wani nonon da za a sake da shi. Aikin gayya ne, gida bayan gida. Da namu ake farawa, sai na Ummu Girgis da ke ƙarshen layi, wadda suka shekara arba'in suna tsokanar juna da Sitti.

A shekarar da nake faɗa, dogon bututu ya daina hayaƙi, sai wani ɗan tururi fari da ke ɓacewa nan take. Sitti ta riƙa rataya mayafi kowace safiya, tana cewa Allah ya shiryi masu masana'anta bayan sun tsufar da ita.

Baba a sashen ɗura siminti a buhu yake aiki. Wata rana ya zo mana da ƙosai a nannaɗe cikin shafin mujallar ma'aikatansu. Ni kuwa ba na iya ganin rubutu in ƙyale, ko na jikin kwalin ashana ne, shi ya sa Sitti ke kirana Ustaza. Na miƙe takardar, na karanta ta cikin tabon mai. A da, in ji takardar, kowane bututu da iyakar ƙurar da aka yarda ya fitar. Yanzu hukuma ta yanka wa masana'antar iyaka guda ɗaya, a haɗa na dukkan bututu a lissafa tare. Suna iya ragewa a nan su ƙara a can, muddin jimilla ba ta wuce ba. Don haka sun sa wa dogon bututu sabuwar matatar ƙura, kuma sun sake kunna tsohon tanderu da ke baya. Wannan maganar ta ƙarshe a layi ɗaya aka rubuta ta, can ƙasa.

Na tambayi Baba. Ya ce gaskiya ne, kuma abin farin ciki ne, don ƙurar masana'antar gaba ɗayanta ta ragu sosai, masu awo sun zo sun tabbatar. Ƙauyukan tsallaken kogi har godiya suka aiko. Na san ba ƙarya yake yi ba. Amma washegari da na fito daga ɗakin karatu sai na bi ta bayan maƙabarta, na ga abin da nake tsoro. Tsohon tanderun gajeren bututu gare shi, a ɓoye bayan rumbunan siminti, ba a hango shi daga soronmu. Hayaƙinsa ba ya tashi sama. Yana fitowa ya kwanta, ya bi kan katanga a hankali ya nufi unguwa. Na shafa katangar, yatsana ya yi fari.

Kwana tara na riƙe maganar. Sau uku ina zuwa gaban Sitti, sau uku ina komowa da maganata. A na ukun har na fara da cewa na karanta wani abu, sai ta ce in dai a takarda ne in ajiye sai bayan kishki, yanzu hannu take nema. Matan da ke tsince alkama suka yi dariya, na koma ɗaki. Na riƙa gaya wa kaina wataƙila iska za ta juya, wataƙila ban fahimci takardar ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji in ce wa mace mai shekara saba'in idonta ya daina amfani.

Ranar Talata aka rataya mayafi, mata goma sha biyu suka cika soronmu. Ummu Girgis ta ɗaga wani da Sitti ta mulmula, ta ce wannan kishki ne ko kan jariri. Sitti ta ce mata ita dai ta ji da nata, wanda bara kare ya shinshina ya yi gaba. Kafin azahar an rufe tabarmi shida.

Da la'asar na hau ni kaɗai, na ɗauki ɗaya na gatsa. Ya yi ƙaras-ƙaras a haƙorina. Na gwada na wata tabarmar, haka. A ido ba ka ganin komai, fari ne a kan fari, kuma ɗanye ne, ƙurar ta riga ta manne. Sitti ba ta da haƙori ko ɗaya, jiƙa nata take yi a miya, ba za ta taɓa ji ba. Jibi kuma gidan Ummu Girgis, daga nan sauran gidaje goma.

Na sauko na ɗauki baƙin farantin da muke gasa burodi, na goge shi tas, na kai sama na ajiye. Bayan awa biyu na roƙi Sitti ta hau tare da ni. Ta hau tana mita a kan gwiwoyinta. Na nuna mata farantin, na ce ta ja yatsa a kai. Ta ja, layi baƙi ya fito a tsakiyar toka-toka. Ta dubi dogon bututu, yana nan tsaf, ta sake duban yatsanta. Nan na faɗa mata komai, a birkice, na baya kafin na gaba, ina in'ina. Ba ta katse ni ba.

“To su da suka haɗa hayaƙin wuri guda a takarda,” ta ce, “sun gaya wa iska ta raba shi daidai?”

Na ce a'a, Sitti, takardar jimilla kawai ta sani.

Ta zauna a bakin tabarma, ta ɗauki kishki ɗaya tana murzawa. Can ta tambaye ni yaushe na sani. Da na ce jiya, da ta yarda. Na ce kwana tara.

“Kwana tara, Nagat,” ta ce. Rabon da ta kira ni da sunana har na manta. “Nonon wata huɗu ke nan a gabanki.”

Ban taɓa jin faɗan da ya kai wannan ciwo ba. Ta miƙe ta kwance mayafin daga igiya, ta ninke, ta tambaye ni daga ina ake hango gajeren. Na ce a layinmu soron Ummu Girgis ne kawai. Ta yi tsaki, ta ce ashe akwai sauran jarrabawa.

Da kanta ta je, ni ina biye riƙe da farantin. A tsakar gidan Ummu Girgis, gaban surukanta biyu, ta ce kada a mulmula jibi, wata uku tana kallon bututun da ba shi ba ne, nata kishkin ya tafi. Ba ta ambaci kwana taran ba. Na jira tsokana, amma sai Ummu Girgis ta ja yatsa a farantin ita ma. Sannan ta ce matakalarta ta fi tamu tsayi, in Ummu Khalaf ta faɗo ba ruwanta.

Kwana biyar suna hawa tare kowace safiya, ni a bayansu. Sitti ta ce wannan hayaƙin baƙo ne, ba ta san halinsa ba tukuna, don haka ba ta yarda da ido kaɗai ba. Sai an ajiye farantin zuwa hantsi, na shafa na nuna mata yatsa. A rana ta shida iska ta juya wajen hamada, yatsana ya fito ba komai, ta rataya mayafin a igiyar Ummu Girgis. Gidaje goma sha ɗaya suka shanya lafiya, da hutu sau biyu a tsakani.

Namu ko kaji ba mu ba wa ba, Baba ya haƙa rami ya binne. Ya ce zai kai maganar gajeren bututun wajen shugaban sashensu, ya kuma kai. Aka ce masa suna cikin ƙa'ida, za a duba.

Da sanyi ya shigo maƙwabta suka riƙa aiko mana da kishki kwano-kwano. Na Ummu Girgis ya fi yawa, Sitti tana ci tana cewa gishiri ya yi masa yawa. Ni nake tashin Sitti da asuba yanzu, in riƙe mata hannu har soron Ummu Girgis a ƙarshen layi. A hanya takan tambaye ni ko na karanta wani abu, kuma takan tsaya ta jira amsa.