Kujerar da Ba Ta Buƙatar Kowa

Ranar da Auta ya kawo kujerun nan ina gidan, kuma tun a ranar na tsane su. Guda huɗu ne, dogaye, irin waɗanda mutum ke kishingiɗa a kai ya miƙe ƙafa. Daga nesa ka rantse saƙar gora ce, sai ka matso ka taɓa ka ji ashe roba ce aka tsaga sili-sili aka naɗe a jikin ƙarfe. Aka jera su a baranda, Auta yana zagaya su yana maimaita mana abin da mai shago ya faɗa masa.

"Ba ruwansu da rana, ba ruwansu da ruwan sama. Ba shafa mai, ba gyara. A watsa musu ruwa da sabulu, shi ke nan. Ba sa buƙatar kowa."

A gaban Baba ya faɗi wannan, mutumin da ya yi shekara arba'in da biyar yana saƙa kujerun gora, kuma da saƙar nan ya yi wa shi Autan karatu har ya zama abin da ya zama. Ƙanina ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Bakinsa ne kullum yake riga hankalinsa isa wuri.

Bayan rasuwar Innarmu, da idon Baba ya fara rauni, Auta ya rufe masa shago ya dawo da shi gidansa. Ya ba shi ɗaki mai fanka da talabijin, ya ce lokacin hutu ya yi. Baba bai zo hannu rabbana ba. Ya zo da doguwar kujera ɗaya, ita ce ta ƙarshe da ya saƙa, wata biyu yana kanta, domin barandar ɗansa. Auta ya yi godiya sosai, ya ce wannan ai ta fi ƙarfin waje, ruwa zai ɓata ta. Aka kai ta sito, aka ɗora mata tsofaffin tayoyi da bokitan fenti.

Duk Asabar nakan je in duba Baba. Kullum a baranda nake samunsa da tsumma a hannu, yana bin kujerun robar nan sili-sili yana gogewa.

"Baba, ai akwai masu aiki," na ce masa.

"Uwata, masu aiki sama suke gogewa. Ƙura a ƙarƙashin saƙa take kwana."

Haka yake kirana, Uwata, kuma in ya faɗa ba na iya yi masa musu. Na lura duk abin da yake nema a gidan nan bai wuce a ce akwai abu ɗaya da sai da shi yake tafiya ba.

Kuskurensa na farko mai ne. Kujerar gora in ta sha rana takan bushe ta yi ƙara, sai a shafa mata mai ta yi laushi. Baba ya ga robar ta fara dusashewa, ya ce ƙishirwa take ji. Ya bi duka huɗun ya shafe su tas. Roba kuwa ba ta shan mai, sai ya zauna a sama yana kama ƙura. Matar Auta ta zauna da farin leshinta ta tashi da zanen saƙa a bayanta. Ita dariya ma ta yi, Allah ya saka mata. Auta ne ya ɓata rai ya ce ruwa da sabulu kawai aka ce, ruwa da sabulu.

Na biyun a kan idona ya faru. Wata Asabar da hantsi na tarar da shi a tsugune gaban ɗaya daga cikin kujerun robar, fuskarsa cike da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Wani sili ne ya zame daga wurinsa a daidai inda ake jingina baya, ya miƙe tsaye yana soke mutane.

"Kin gani? Wai ba ta buƙatar kowa," ya ce yana murmushi. "Miƙo min ashana."

Na san abin da zai yi, don na girma ina kallonsa. In silin gora ya yi taurin kai, sai a gasa shi kaɗan a kan wuta, ya yi laushi, a lanƙwasa shi a cusa a mazauninsa, in ya huce ya zauna daram. Sau dubu na ga ya yi. Shi ya sa na miƙa masa ashanar ba tare da tunanin komai ba, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Ya kunna kyandir ya kara. Silin bai yi laushi ba, narkewa ya yi, wutar ta bi shi ta kama na kusa da shi. Kafin in kawo ruwa bayan kujerar ya huje, ramin da kan mutum zai iya shiga, gefensa baƙi ƙirin yana ɗiga. Wari ya cika gidan. Baba ya yi ta kashe wutar da tafin hannunsa, narkakkiyar roba tana manne masa a yatsu, bai ko ce wash ba.

Auta ya fito da gudu. Ranar yana da baƙi daga wurin aiki, a barandar za su zauna da yamma. Ya dubi ramin, ya dubi kyandir, sannan ya dubi Baba. Da ihu ya yi da ya fi sauƙi. A hankali ya yi magana, irin yadda ake yi wa mara lafiya.

"Baba, don girman Allah, ka daina taɓa komai a gidan nan. Komai. Na kawo ka ne ka huta. Ka huta mana."

"Auta, ka san da wa kake magana?" na ce.

"Yaya, da gidan ya kama fa? Ke ma kina tsaye kina kallo."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona min rai. Aka ja kujerar bayan gida. Na shafa wa Baba magani a hannu, sannan na tafi.

Asabar ta gaba ban same shi a baranda ba. Maigadi ya nuna min bayan gida. Can na ga bahon wanki cike da ruwa, silin gora a jiƙe a ciki, ga kujerarsa ta ƙarshe an fito da ita daga sito. Ya warware bayanta gaba ɗaya, sai firam tsirara. Kwana shida ya yi yana zare aikin hannunsa sili-sili, yana saƙa shi cikin ramin robar, da yatsun da ba su gama warkewa ba.

"Baba, kujerarka fa!" na ce.

"Tana sito, wa ke zama a kanta? Nan kuwa za a zauna. Zo ki taɓa."

Na shafa. Wallahi in ka rufe ido ba za ka gane inda roba ta ƙare gora ta fara ba. Ya bi tsarin saƙar injin daidai, har ya fi ta matsewa. Launi ne kawai ya bambanta, robar toka-toka, gorar ruwan zuma. Ya sa maigadi ya taya shi suka mayar da kujerar robar layinta a baranda. Ya shiga ya sake riga, ya fito ya tsaya gefenta yana jiran ɗansa.

Da la'asar Auta ya shigo, wata motar kaya tana biye da shi. Mutum biyu suka sauko da sabuwar kujera a naɗe cikin leda, irin sauran sak. Ya hango tsohuwar, ya tsaya jim.

"Kai, Baba, ka wahalar da kanka. Ai na riga na sayi wata." Ya ɗan leƙa gyaran daga inda yake tsaye. "Ya yi kyau. Amma ka ga launin bai dace ba, kuma ruwa zai ɓata wurin. Maigadi, ɗauke ta ka kai ɗakinka, ka samu ta zama."

Ko taɓawa bai yi ba. Abin da ya tsaya min a wuya ke nan har yau. Taku uku ne tsakaninsa da kujerar.

Ban bar maigadi ya ɗauka ba. Na sa aka ɗora min ita a motar kayan nan, na kai ta gidana na ajiye a tsakar gida, inda rana ke dukanta ruwa ke dukanta. Mai shago bai yi ƙarya ba, robar ko gezau. Facin Baba ne ya fara bushewa yana ƙara in an jingina, don gora ce, tana son a kula da ita.

Na yi murna da hakan. Na roƙi Auta ya bar min Baba ya yi min kwana biyu, ya yarda da saurin da bai kamata ba. Da safe na shimfiɗa tabarma kusa da kujerar, na kawo kwalbar mai da tsumma mai laushi na ajiye a gabansa.

"Baba, ta bushe. Ni ban iya ba, kar in ɓata ta. Ka shafa mata."

Ya daɗe yana kallon facin. Na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa, irin yadda suke yi in yana ƙirga sili. Har ya ɗan ɗago hannun dama. Sai ya mayar da shi, ya haɗa da na hagun, ya cusa su duka biyun cikin aljihun rigarsa.

"Ki bar ta haka, Uwata," ya ce. "An ce in huta."