Dutsen Gaggafa a Bangon Kawu Imrich

Fadar Orlec ba ta bar ko dutse ɗaya a tsaye ba. Abu biyu ne kawai suka rage mata a duniya: wata takardar fata da aka rubuta da Latin shekara ɗari bakwai da suka wuce, wadda ke ajiye a gidan adana tarihi na birni, da kuma wani dutse da ke jikin bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan kawuna Imrich, bayan buhunan dankali. Hatimin da ke kan takardar, hoton gaggafa ne riƙe da mabuɗi a baki. Ita ce kuma aka sassaƙa a jikin dutsen.

Malamanmu na jami'a sun daɗe da yanke cewa fadar tana wani kwari mai nisan tafiyar yini daga ƙauyenmu. Ni kuwa na san ba haka ba ne. Kawu ne ya raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma daga bakinsa na fara jin labarin. Shi ya nuna mini gwalalon da ya kewaye tudun bayan ƙauye, ƙarƙashin tsofaffin itatuwan buk waɗanda mutum uku ba sa iya rungume ɗaya. Shi ya gaya mini yadda gobara ta cinye rufin fadar, magajinta na ƙarshe ya mutu ba ɗa, sannan mutanen ƙauye suka riƙa jawo duwatsunta bisa dusar ƙanƙara kowane hunturu, suka gina coci, da gidan niƙa, da garken aladu, har daji ya rufe abin da suka bari. Saboda muryarsa na karanta tarihi. Ban taɓa gaya masa haka ba, domin a gidanmu ba a faɗin irin wannan magana.

A shekarar da nake rubuta kundin kammala karatuna, gwamnati ta mayar wa ƙauye dajinsa bayan ta riƙe shi shekara arba'in. Urbar, ƙungiyar gidajen da suka gaji rabo a dajin tun kaka da kakanni, ta sake zama a ɗakin taro, ta zaɓi Kawu shugaba, ta kuma yanke cewa a sare itatuwan tudun da kaka. Doka ta hana sara a wurin da aka yi wa rajistar tarihi. Saboda haka na rubuta wa ofishin kula da kayan tarihi, na ce ina da shaidar da za ta tabbatar da inda Orlec take. Na gaya wa Kawu kafin in jefa wasiƙar. Ya daɗe yana cika lofensa da taba.

"Kawo su," ya ce. "Dutse dai ba ƙafa gare shi ba."

Wadda ofis ya aiko ita ce Uwargida Slamkova, mace mai furfura da takalman hawan dutse. Ta sauka daga motar safe, mako ɗaya kafin Ista, ta kuma sanar da ni tun a tasha cewa motar ƙarfe uku za ta koma da ita. Kawu ya tarbe ta da hularsa a hannu.

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Kin zo ganin fadar Furofesanmu? Mu je, amma a kula da taɓo, masu fadar ba su share mana hanya ba."

Furofesa yake kirana idan yana zolaya. Na yi dariya tare da su. Ina tuna wannan dariya har yau, kuma kunyarta ba ta ragu ba.

Wata biyu rabona da tudun. Da muka isa, na tarar katafila ta yanka sabuwar hanya ta motocin katako, an zuba mata tsakuwa, ta bi daidai ta cikin gwalalon ta cike shi. Ɗan abin da ya saura wani lotso ne cike da ganye, kuma kowace bishiya a gefensa an ɗiga mata jan fenti. Uwargida Slamkova ta durƙusa ta tona ƙasar da yatsa, ta fito da baƙi.

"Wannan ya yi kama da ramin masu gawayi," ta ce.

"Ashe kin san aikinki," in ji Kawu. "Kakana ne ya ƙona gawayi a nan. Har ya mutu wuyansa bai taɓa fita da sabulu ba."

Na dube shi, shi kuwa yana duban saman itatuwa. Na ce a raina zolaya ce irin tasa, zai bari sai mun isa gaban dutsen ya ga yadda fuskarta za ta sauya.

"Mu sauka gida," na ce. "Shaidar tana can."

A ƙauyenmu kowane gida yana shafe ɗakin ƙarƙashin ƙasa da farar ƙasa kafin Ista, don haka warin da ya tarbe mu a matakala bai dame ni ba. Shekara da shekaru Kawu yakan kewaye dutsen da buroshi ya bar fuskarsa. Na janye buhunan dankalin da hannuna. Bango ne fari fat, daga ƙasa har sama. Na kankare shi da farce, na kankare da wuƙa, sai ga jan bulo, simintinsa ko gama bushewa bai yi ba.

"Kawu, ina dutsen?"

"Wane dutse kuma?"

Na ciro takardar da na taɓa ɗorawa a kan dutsen na goga da gawayi har gaggafar ta fito. Uwargida Slamkova ta karɓa, ta kai ta kusa da fitila.

"Tun yana ƙarami ya iya zane," in ji Kawu cikin murya mai taushi. "Maraya ne, ranki ya daɗe. Na riƙa yi masa tatsuniyoyi don ya yi barci. Ban san zai kai su jami'a ba."

Ba ta yi mini faɗa ba, wannan ne ya fi ciwo. Ta mayar mini da takardar, ta ce takarda ba ta nuna inda aka goge ta, ta ba ni shawarar in nemi wani batu kafin lokacin kundin ya ƙure. Ta ci miyar kabeji a teburin Kawu, ta yaba, ta kama motarta.

Da na dawo daga tasha na same shi a tsakar gida yana wasa haƙoran zarto ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗago ba.

"Ka ce in kawo su."

"Na ce. Ka kawo, sun gani, sun tafi."

"Ka mai da ni maƙaryaci a gabanta, Kawu."

"Radovan, zauna."

"Ba zan zauna ba. Ina ka kai shi?"

Ya busa ƙurar ƙarfe daga zarton. "Ka taka shi ɗazu. Sau biyu, hawa da sauka. Tsakuwar hanyar nan ai ba daga sama ta faɗo ba."

Na rasa abin da zan kama, sai na kama bakin rijiya.

"Kai ka koya mini sunanta," na ce. "Kai ka nuna mini inda ƙofa take."

"Na koya maka don ka sani, ba don ka kai wa hukuma ba. Ina tsaye a nan ranar da suka zo da jaka da hatimi suka karɓe dajin daga hannun ubana. Shekara arba'in ina satar itacen kakana kamar ɓarawo. Yanzu ya dawo, sai ga ɗan ƙanwata ya jawo mini wata mai jaka da hatimi. Yau su ce tudu, gobe su ce bayan tudu. Kai ka san su a littafi, Furofesa, ni na san su a ƙofar gida."

"Da ka gaya mini. Da ka ce kada in rubuta."

"Da ka ji?"

Gaskiya ne, da ban ji ba. Amma wannan bai wanke shi a wurina ba, har yau kuma bai wanke shi ba. Ya san ranar da za ta zo, ya auna kwanakin bushewar siminti, ya tsaya a bayana ina janye buhuna.

"Fadar nan tun farko a kan wuyan kakanninmu aka gina ta," ya ce, ya koma kan zartonsa. "Mun karɓi abinmu da kaɗan-kaɗan. Ni dai dutsen ƙarshe ne ya faɗo mini."

An fara sara a watan Oktoba. Ban hau ba, amma ƙarar injin tana shigowa har ɗakin da na kama a gidan wata tsohuwa a ƙarshen ƙauye, bayan na kwashe littattafaina daga gidan Kawu. Kowace bishiya idan ta faɗi, gilashin taga yakan yi rawa. Na sauya batun kundina zuwa harajin gishiri, aka ba ni sakamako mai kyau.

Kafin dusar ƙanƙara ta fari, wata tarakta ta tsaya a ƙofar gidan ta juye tulin itacen buk, an faskara shi daidai murhu. Direban ya ce rabon mahaifiyata ne na urbar, wanda yanzu ya zama nawa, kuma shugaba da kansa ya faskara. Na ce ya kwashe. Ya ce shi juyewa aka aiko shi.

Na bar shi a waje har tsakiyar Janairu. Sannan sanyi ya sauko irin wanda ke daskarar da ruwa a cikin kofi, tsohuwar ta fara tari, itacenta ya ƙare. Na fita da kwando na ɗebo. Yana ci a hankali, ba hayaƙi, yana kuma riƙe zafi har safiya. Ban taɓa ƙona itace mai kyau kamarsa ba.